Ki Ɗora Tukunya Domin Iyalan Sojan Da Bai Dawo Ba

Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Zariya, barikin Chindit ma sunansa ya samo asali ne daga rundunar da 'yan Nijeriya suka yi yaƙin Bama a cikinta a 1944. Daga 2009 kuma, samari da dama da aka yaye a nan an tura su Barno. Wasunsu sun kwanta dama a wurare irin su Baga da Metele, aka binne da yawa a maƙabartar barikin Maimalari, iyayensu ko makara ba su gani ba. Muna yi musu fatan shahada.

To ya ke 'yar'uwa, in irin wannan saƙo ya iso gidan maƙwabciyarki a Kwarbai ko Ƙofar Gayan, me ya rataya a wuyanki?

Ki duba abin da Manzon Allah (SAW) ya yi. A shekara ta 8 bayan Hijira aka kashe Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib (RA) a yaƙin Mu'uta, can ƙasar Sham, aka binne shi a can. Annabi da kansa ya taka zuwa gidan matarsa Asma'u 'yar Umais. Ya jawo 'ya'yan jikinsa yana hawaye, sannan ya umarci iyalinsa su dafa wa gidan Ja'afaru abinci, domin abin da ya same su ya ɗauke musu hankali. Bayan kwana uku ya koma, ya sa aka yi wa yaran aski, ya yi musu addu'a.

Mu fa yau? Mun juya abin. Gidan makoki ne ke ciyar da mu, uwa na kuka tana neman bashin shinkafar sadakar uku da ta bakwai. Ana yin arba'in kowa ya kama gabansa, alhali amaryar da ya bari tana da takabar wata huɗu da kwana goma, in kuma tana da juna biyu sai ta sauka. Wa ke leƙa ta? Wa ke yi mata cefane?

Sai maganar kuɗin sallama. Wanda aka rubuta sunansa a takarda ya sani amana ya karɓa. A kai maganar gaban malamai ko alƙali, uwa da mata da marayu kowa ya san rabonsa. Alƙur'ani ya kamanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki.

Ranar 15 ga Janairu hukuma kan ajiye furanni don tuna 'yan mazan jiya. Ke naki tunawar a madafa take: ki ɗora tukunya, ki biya wa marayansa kuɗin Islamiyya, ki sa shi a addu'arki ta asuba.

Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.