Riga da Mai Riga: Ina Iyakar Haƙƙinmu a kan Ɗan Wasan Talabijin?

Gabatarwa

Sa'ad da Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023, mutane da yawa ba su gane wanda ake nufi ba sai da aka ce musu Samanja ne. Haka kuma da wuya a sami mutum ɗaya cikin taro da zai waiga idan aka kira Abdullahi Shu'aibu, amma da zarar an ce Karkuzu na Bodara sai fuskoki su washe. A zamanin nan ma, Ɗan'azumi Baba marubuci ne tun kafin ya shiga shirin Daɗin Kowa, amma Kamaye ya rinjayi sunansa na yanka a bakin jama'a. Wannan haɗiye suna da wasa ke yi abin raha ne a zahiri, sai dai a ƙarƙashinsa akwai wata tambaya mai nauyi da ta shafi ɗa'a, wadda ita ce muke son mu tattauna a wannan maƙala: idan mutum ya ara wa jama'a fuskarsa da muryarsa shekara da shekaru, shin rayuwarsa ta gida ma ta zama tasu? In kuwa suna da wani haƙƙi a kansa, shi kuma me yake bin su?

Kwaikwayo Kafin Zuwan Akwati

Bahaushe bai jira talabijin ba kafin ya san kwaikwayo. A watan azumi yara kan yi tashe, wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da tarkace ya zama mai magani. A fada akwai wasan gauta, inda mata kan kwaikwayi sarki da hakimansa, a yi dariya, mai hankali kuma ya tsinci abin da ya tsinta. Ga 'yan kama da ke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Abin lura a duk waɗannan shi ne, masu kallo sun san mai wasan tun kafin ya sa rigar wasa, kuma a gabansu zai tuɓe ta. Yaron da ya yi tsoho da daddare, da safe za a gan shi da allo a hannu. Saboda haka babu mai rikita riga da mai riga.

Talabijin ya zo ya sauya wannan tsari. Tun daga kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, zuwa haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta ƙasa a 1977, har zuwa buɗe tashar Arewa24 a 2014, an sami wani sabon nau'in ɗan wasa wanda ya bambanta da na dandali ta fuska uku. Na farko, yana shiga har tsakar gida, inda baƙo namiji ba ya shiga sai da izini. Na biyu, yana dawowa kowane mako da hali iri ɗaya da suna iri ɗaya, har ya zama kamar ɗan gida. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, mai kallo ba ya ganin lokacin da ake tuɓe rigar. Ya san Samanja da Hausarsa ta bariki da tsawarsa, amma bai san Usman ɗan gidan sarautar Pategi ba, wanda ya yi aikin soja na gaske kafin ya mayar da bariki abin wasa. Daga nan ne mai kallo ke fara jin cewa ya san mutumin ciki da bai, alhali rigarsa kawai ya sani, kuma daga wannan jin ne yake ɗaukar wa kansa ikon yin hukunci.

Hujjar Masu Hukunci

Bai kamata mu yi gaggawar watsi da masu ganin cewa jama'a na da ikon sa ido a kan rayuwar ɗan wasa ba, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce, su 'yan wasan ne da bakinsu suke kiran sana'arsu faɗakarwa da ilimantarwa da gyaran tarbiyya. To, wanda ya hau mumbari, ko da na katako ne a ɗakin ɗaukar hoto, ya yarda ke nan a auna shi da ma'aunin masu mumbari. Sa'an nan yara ba sa tantance wasa da gaske. Abin da suka ga gwaninsu ya yi a waje, shi za su ɗauka, tun daga askin kai har zuwa yadda ake magana da manya. Wannan fargaba tsohuwa ce ƙwarai. Aflatun, masanin falsafar Girka, ya nuna tsoron cewa yawan kwaikwayon wani hali kan mayar da shi ɗabi'a ga mai yi, shi ya sa bai yarda a sakar wa masu kwaikwayo mara a birnin da ya tsara cikin tunaninsa ba.

Mun yarda da rabin wannan magana. Haƙiƙa suna amana ne, kuma wanda miliyoyin idanu ke kallo ba daidai yake da wanda iyalinsa kaɗai suka sani ba. Inda muka rabu da masu wannan ra'ayi shi ne wurin da suka ɗauka cewa amanar ta ba su mabuɗin kowane ɗaki na gidansa.

Riga Dabam, Mai Riga Dabam

Bari mu gwada hujjar ta wata fuskar. In har wanda ya fito a matsayin malami a wasa wajibi ne ya kasance waliyyi a gida, to wanda ya fito a matsayin ɓarawo ko muguwar kishiya fa? Ko dai mu ce halinsa ne yake nunawa, wanda zalunci ne bayyananne, ko kuwa mu ce aiki ne aka ba shi ya yi. In mun amince aiki ne ga mai fitowa a mugu, babu yadda za mu ƙi amincewa aiki ne ga mai fitowa a nagari. Kuma wasan faɗakarwa ba ya yiwuwa sai da mugu, domin ba a nuna illar cin amana sai wani ya yarda ya ci ta a gaban kyamara. Ashe ke nan wanda ya ɗauki baƙin jinin jama'a don darasi ya fito fili ya fi kowa hidima a cikin wasan.

Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya isa misali. Masu kallon Hausa sun san shi a Karambana da kuma wasan da aka ɗauko daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sauran 'yan Nijeriya kuwa sun san shi da Gaga a wasan Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos don jawo hankali ga noma. Wanne ne shi a cikinsu? Gwanintarsa ita ce iya zama kowanne ba tare da ya zauna a ɗaya ba. Didero, masanin Faransa na ƙarni na 18, ya kai ga cewa ɗan wasan da ya fi ƙwarewa shi ne wanda hankalinsa ke tsaye yana lura da kansa a daidai lokacin da masu kallo ke zaton ya narke cikin baƙin ciki ko fushi. Ko ba mu bi shi har ƙarshe ba, ya nuna mana cewa wasa sana'a ce da ake koya, kamar ƙira ko jima.

Saboda haka muna ganin ya dace a raba rayuwar ɗan wasa gida uku. Kashi na farko shi ne abin da ya yi a cikin wasa. Wannan na jama'a ne, suna da ikon yabo da suka, hukuma ma tana da ikon dubawa, kamar yadda Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ko da yake a nan ma marubuci da mai ba da umurni da mai ɗaukar nauyi duk suna da kaso a cikin alhakin. Kashi na biyu shi ne abin da shi da kansa ya fitar a bainar jama'a, a taro ko a hira ko a shafukan sada zumunta. Wanda ya baje kayansa a kasuwa ba zai hana a taya ba, kuma a nan ne amanar suna ta fi hawa kansa. Kashi na uku shi ne abin da ke bayan ƙofarsa: aurensa da mutuwar aurensa, rashin lafiyarsa, bashinsa, da zunubin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Wannan kashi ba na kowa ba ne. Al'adarmu ta san darajar rufin asiri, addini kuma ya hana bin diddigin laifin mutane da cin namansu a bayan ido, kuma ba mu san inda aka keɓe 'yan wasa daga wannan kariya ba.

Wajibi ne a faɗa kuma cewa mata su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan kutse. Namiji ɗan wasa zai yi aure ya saki, a wuce wurin ba tare da an tofa ba. Mace kuwa, in ba ta yi aure ba a ce wasa ya hana ta, in ta yi a zuba ido ana ƙirga watanni, in auren ya mutu a ce dama an faɗa. Ma'aunin da ke yin nauyi ga wani ya yi sauƙi ga wani a kan abu guda, ba tarbiyya yake karewa ba.

Abin da Ɗan Wasa Yake Bin Jama'a

Yanzu sai ɗaya gefen tambayar, wanda ba a cika ɗagawa ba. A cikin watan Fabrairu na 2022, tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa sau da yawa abin da ake sallamar ta da shi bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Wasu daga cikin masu shirya finafinai sun fito sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ba mu da niyyar raba wannan gardama a nan. Abin da ya fito fili daga gardamar kanta shi ne, an rasa takardar da za a ɗauko ta kashe bakin zancen, domin sana'ar ta daɗe tana tafiya a kan sallama da alheri maimakon yarjejeniya rubutacciya. Karkuzu kuwa, bayan ya shafe shekaru yana sa mutane dariya, ya tsufa cikin makanta da rashi, har sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida kafin rasuwarsa a Jos a 2025. Abin da Ahmed Musa ya yi abin yabo ne, amma al'ummar da dattawan fasaharta ke jiran tausayin mutum guda ba ta da abin tinƙaho.

Dalilin wannan hali yana cikin yanayin aikin. Ana biyan ɗan wasa sau ɗaya, a ranar da aka ɗauka, amma ana iya nuna wasan sau ɗari, a sa talla a tsakiyarsa kowane lokaci. Manomi in ya sayar da damin gero, an ci an gama. Hoton ɗan wasa kuwa ba ya ƙarewa da ci, yana nan yana kawo kuɗi ga wanda ya mallaki faifan, mai fuskar na gefe. Ga shi kuma sunan da ya yi kan zame masa ƙaya: jama'a na ganin mai arziki ne, 'yan uwa na kawo buƙatu, shi kuma kunya ta hana shi komawa ƙaramar sana'a.

Wani zai ce ai babu wanda ya tilasta musu, kuma da sun yi tanadi a lokacin da ludayinsu ke kan dawo da ba su shiga wannan hali ba. Akwai waɗanda wannan magana ta hau kansu, domin almubazzaranci ba ya rasa mabiya a kowace sana'a. Amma ba a tanadi sai da rara. Kuma wanda ya ce ba ruwansa da yunwar ɗan wasa saboda ciniki ne tsakanin baligai, to ya zubar da hujjarsa ta farko, wadda a cikinta ya ce ɗan wasa malamin 'ya'yansa ne. Ba a ɗaukar mutum malami ranar tuhuma, a mayar da shi maroƙi ranar biya. Duk wanda ya yi iƙirarin haƙƙi a kan wani ya ɗauki nauyinsa ke nan, gwargwadon haƙƙin da ya yi iƙirari.

Kammalawa

Abin da muka tsaya a kai shi ne, haƙƙin jama'a a kan ɗan wasa yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ƙofar gidansa. Abin da ya nuna a akwati da abin da ya baje da hannunsa, a auna shi da adalci, da ma'auni ɗaya ga mace da namiji. Abin da ya rufe, a bar masa. Shi kuma ya san cewa sunan da yake ci da shi jama'a ne suka ba shi, bai kamata ya yi wasa da shi a gaban yaran da ke kallonsa ba.

A ɓangaren aiki, abubuwa uku ba su fi ƙarfinmu ba. Gidajen talabijin da masu shirya wasanni su riƙa rubuta yarjejeniya, a kuma sa wani kaso ga ɗan wasa duk lokacin da aka maimaita nuna wasansa. Ƙungiyoyin 'yan wasa su kafa asusun jinya da tsufa wanda kowa zai riƙa zuba wani abu tun yana da ƙarfi. Mu kuma da ke sassan nazarin Hausa a jami'o'i, akwai dattawa maza da mata da suka yi wasa a gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato waɗanda ke raye har yanzu. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ya ɗauki rikoda ya je ya gaishe su, ya tambaye su yadda suka koyi aikin, da wanda ya koya musu, da yadda ake shirya wasa a lokacinsu, ya kuma rubuta sunayensu na yanka a shafin farko.