Yadi Huɗu, Ka Tashi, Ka Sake

'Yan'uwana ma'aikata, akwai wata gardama da mutanen Amurka ba sa gajiya da ita, kuma ina so mu tsoma baki domin akwai rabonmu a ciki. A tarihin ƙwallon Amurka, wane ne gwanin gwanaye cikin masu gudu da ƙwallo?

Wasan ba irin tamaular da muka saba ba ne. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Mai gudu shi ne wanda ake danƙa wa ƙwallon, ya rungume, ya kutsa cikin ƙarti masu kilo ɗari da ɗoriya waɗanda ba su da wani aiki sai kayar da shi. A kayar da shi, a danne shi, ya miƙe, a sake danƙa masa. Sau ashirin, wani lokaci sau talatin a wasa guda. A cikin fili kaf, shi ne lebura.

Yawancin masana da Jim Brown suke farawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Shekara tara ya yi wa Cleveland Browns, daga 1957 zuwa 1965, a takwas daga ciki babu wanda ya kai shi yawan yadi a gasar NFL. Ya tara yadi 12,312, bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, ya kuma ajiye wasan yana ɗan shekara talatin, ƙarfinsa bai ragu ba. Yana da wata ɗabi'a da nake so ku riƙe. Duk lokacin da aka kayar da shi, a hankali yake tashi, ko ya ji ciwo ko bai ji ba, ya taka zuwa wurin 'yan'uwansa a natse. Saboda haka abokan gaba ba su taɓa sanin wane duka ne ya shige shi ba.

Barry Sanders na Detroit Lions kuwa gajere ne, amma kama shi sai an shirya. A 1997 ya yi yadi 2,053. Sau da yawa neman hanya yakan sa a kayar da shi a bayan inda ya tashi, asarar da in aka haɗa ta haura yadi dubu, duk da haka ya gama da 15,269. In ya ci, ba rawa ba tsalle, alƙalin wasa yake miƙa wa ƙwallon ya koma benci. Ya yi murabus a 1999, saura yadi 1,457 ya kamo wanda ya fi kowa a lokacin.

Wannan da ya fi kowa a lokacin shi ne nawa gwanin, Walter Payton. Shi nake sawa a gaba, Brown na biye, sannan Sanders, sannan Emmitt Smith. Na san akwai masu ja, to ga hujjata.

Payton ya taso a garin Columbia na jihar Mississippi, ya yi karatu a Jackson State, jami'ar baƙar fata wadda ba ta cikin manyan da ake haskawa a talabijin. Chicago Bears ta ɗauke shi a 1975, ƙungiyar tana cikin rauni. A shekarunsa tara na farko sau biyu kacal suka kai zagayen neman kofi, kuma duk filin ya san wa za a ba ƙwallo, duk filin shi yake jira. Bai nemi a sayar da shi ba, bai rage ƙwazo ba. Cikin shekara goma sha uku wasa ɗaya tak ya rasa, shi ma a shekararsa ta farko. Ranar 20 ga Nuwamba 1977 ya shiga fili da mura da zazzaɓi, ya yi wa Minnesota Vikings yadi 275, abin da babu wanda ya taɓa yi a wasa guda kafin ranar. In an tafi hutu shi ba ya hutawa: akwai wani tudu a Arlington Heights kusa da Chicago, ya yi ta hawa da gudu yana saukowa har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. In ba shi aka ba ƙwallo ba, ya sa kafaɗa ya tare wa wani hanya, aikin da ba a rubutawa a allo, ba a kuma tafa wa kowa a kai. In ya zo bakin layi, inda wasu kan fice waje don gudun duka, shi sai ya sunkuya ya nufi mai tare shi.

Yanzu ku dubi lissafin da kyau. Yadi 16,726 ya tara, amma sau 3,838 aka danƙa masa ƙwallo kafin ya tara su. In aka raba, kowane ɗauka yadi huɗu ne da 'yan kai, abin da in ka kai wa tela da ƙyar ya fitar maka da kaftani da wando. Da wannan ɗan yadi huɗun ya wuce Jim Brown a watan Oktoba 1984. Kai direba mai fita tun asuba, ke ma'aikaciyar jinya mai kwana a tsaye, malamin firamare mai aji cike maƙil, ɗan dako, birkila, mai tuyar ƙosai a bakin titi: kada wani ya raina muku abin da kuke samu a wuni, ku ma kada ku raina. Ba kullum ake tsere mai tsawo ba. Abin da aka ci yau a ɗora a kan na jiya, gobe a miƙe a sake karɓa.

Sai a shekararsa ta goma sha ɗaya Bears ta ɗauki kofin Super Bowl, a Janairu 1986, ta lallasa New England Patriots 46 da 10. A wannan babbar rana Payton bai ci ko ɗaya ba, saboda shi aka yi wa taron dangi, wasu suka sami hanya. Abin ya yi masa zafi, kuma duk wanda ya taɓa yin aiki aka yaba wa wani ya san wannan zafin. Ya rasu a 1999. Yau lambar da NFL ke ba ɗan wasan da ya fi hidima wa jama'a sunansa take ɗauke da shi.

Kada ku ɗauka haƙuri nake kira ku yi ku bar haƙƙinku. Ku ji labarin Emmitt Smith. Da Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 1990, an zaɓi mutum goma sha shida kafin shi, ana cewa ba shi da girma, ba shi da sauri. A 1993, bayan ya taimaka an ci kofi, ya ce ba zai shiga fili ba sai an biya shi daidai da aikinsa. Ƙungiyar ta yi taurin kai, ta buga wasa biyu ba shi, ta sha kashi a duka biyun. Sai ga ta da kwangilar shekara huɗu ta dala miliyan 13.6. Da ya dawo bai ci amanar kuɗin ba. Ranar 2 ga Janairu 1994 kafaɗarsa ta goce a wasa da New York Giants, ya ƙi fita, ya gama da yadi 168, aka ci wasan, a ƙarshen wannan watan aka sake ɗaukar kofi. Ya san darajar gumin goshinsa, ya tsaya a kanta, ya kuma yi aikin. Yadi 18,355 ya bari, har yau babu wanda ya kamo shi. Ranar da aka karrama shi a zauren gwanaye a 2010, ya sa Daryl Johnston, mutumin da ya yi shekaru yana share masa hanya da jikinsa, ya miƙe tsaye, ya gode masa a gaban duniya yana hawaye. Ku ma ku tuna da masu share muku hanya a wurin aiki.

Wanda kuma yake ganin ya makara, ya tuna Christian Okoye ɗan Enugu, wanda sai da ya kai shekara 23 ya fara wannan wasa, amma a 1989 ya fi kowa yadi a NFL da 1,480.

Akwai kuma waɗanda rashin lafiya ta kwantar, ko aka sallama daga aiki, suna jin kamar tasu ta ƙare. Su nake wa wannan magana ta ƙarshe. Frank Gore yana jami'ar Miami jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi jinya ya dawo, ta ɗaya gwiwar ma ta tsinke. Ƙungiyoyi suka yi ta tsallake shi, sai a zagaye na uku San Francisco 49ers ta ɗauke shi a 2005. Bai taɓa zama na ɗaya a yawan yadi a wata shekara ba, kuma ba kasafai ake ambatonsa a wannan gardama ba. Da waɗannan gwiwoyi biyu da aka ɗinke ya yi shekara goma sha shida yana gudu, ya buga wasa 241, na ƙarshen yana ɗan shekara 37, ya ajiye da yadi 16,000 cif. A duk tarihin gasar, Smith da Payton kaɗai ke gabansa.