Harsashi daga nesa da haƙƙin dabba

Mafarautan Montana da Wyoming a Amurka ba sa gajiya da gardamar harsashi. Wasu na yabon 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, don ba ya shurin kafaɗa sosai. Wasu sun kafe kan .300 Winchester Magnum na 1963, suna cewa namijin elk, ƙaton naman dajin da kan haura kilo 300, ba ya faɗuwa da ƙaramin harsashi daga mita 600.

Ni dabbar ce ke damuna. A wannan nisan harsashi kan yi kusan daƙiƙa guda a iska. Taku ɗaya ta yi, abin da aka auna wa huhu sai ya faɗa tumbi, ta kwana a daji tana nishi.

Hadisin Adiyyu bin Hatim ya bambanta makamin da ya huda da wanda ya buga kawai, abin da na farkon ya kashe ake ci. Malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta abin da harsashi ya kashe in an yi bisimilla, tunda yana zubar da jini. Amma halaccin nama bai sauke nauyin kyautatawa ba, wadda hadisin Shaddad bin Aus ya yi umarni da ita har wajen kisa.

Shi ya sa in .300 na sa ka runtse ido lokacin jan kunama, gara ka ɗauki wanda bai kai shi shuri ba, kamar .30-06, ka rarrafa ka matso zuwa nisan da harbinka ba ya fita faɗin faifai a wajen gwaji.