Ran Gini, Ran Zane

Bara ne ƙanina da ke zaune a wani birni na Amurka ya kama hayar tsohon shago, zai buɗe gidan abinci: tuwo, miyar kuka, masa, da tsire da yamma. Wata rana da daddare ya bugo mini waya ransa a ɓace. "Yaya, mutanen nan so suke su hana ni neman halal ɗina. Ko tukunya ban ɗora ba, sun fara tuhumata."

Abin da ya faru shi ne, a can ba a gina madafar sayar da abinci sai ofishin kiwon lafiya na yankin ya duba zanen ginin ya sa hannu. Yawancin jihohi da ƙananan hukumomi suna ɗauko ƙa'idojinsu ne daga kundin dokokin abinci da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta soma fitarwa a 1993. Ƙanina ya kai zanensa, amma da ya ga kuɗin haya na tafiya, sai ya ce wa mai aikin famfo ya ci gaba, amsa ta same su a hanya. An binne bututu, an zuba siminti, an shimfiɗa tayil. Sannan takarda ta dawo da jan biro.

Abu na farko da jami'ar da ta duba zanen ta nema ya ba shi mamaki: jerin abincin da zai sayar. Ya ce me ya haɗa miyar kuka da zanen gini? Ashe daga nan komai yake tasowa. Mai tsire yana ajiye ɗanyen nama, don haka sai an ga inda zai zauna ba tare da ya ɗiga kan dafaffe ba. Mai dafa miya a babbar tukunya don gobe, ƙa'ida ta ce ta sauko daga digiri 57 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas cikin awa 2, ta kai digiri 5 kafin awa 6 su cika. Ƙatuwar tukunya ba ta hucewa haka da kanta, kuma firjin da ya zana bai isa ba.

Sauran ƙa'idojin duk ƙanana ne a ido. Wurin wanke-wanke ya zama mai rami uku: na sabulu, na ɗauraya, na kashe ƙwayoyin cuta. Injin da ba a manne shi da ƙasa ba a ɗaga shi inci 6, don tsintsiya ta shiga ƙarƙashinsa, kyankyaso ya rasa maɓoya. A bar tazara tsakanin bakin famfo da bakin mazubi, ninki biyu na faɗin bututun, don kada ruwan datti ya koma cikin na sha.

Wanda ya ci masa kuɗi shi ne wurin wanke hannu. Ya sa shi can bayan ƙofa, nesa da inda ake gasa nama, saboda nan ne bututu ya fi kusa. Jami'ar ta ce a dawo da shi kusa da masu aiki. Ya yi mata rantsuwa cewa yaransa masu tsafta ne. Ta ce ba ta musa ba, amma ya tuna daren da mutum goma ke jira, nama na ƙonewa, mai gashi ya taɓa ɗanye zai yanka gasasshe. A wannan lokacin, famfon da ke bayan ƙofa da babu duk ɗaya ne.

Da a takarda ne, magogin fensir ya isa ya matsar da famfon nan cikin minti ɗaya. Da yake siminti ya bushe, sai da aka zo da guduma, aka farfasa sabon tayil, aka sake biyan mai famfo, haya kuma ba ta tsaya jiransa ba.

Na ce masa, "Kai ma ka san maginan gidan ƙasa. Yaushe suke zana dagi a bango?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaɓe na ɗanye." Daga nan Bahaushe ya samo tun ran gini ran zane. Mu da muka taso muna jin labarin duba-gari yana leƙa randa, mun saba ɗaukar mai dubawa a matsayin mai neman laifi, shi ya sa muke ɓoye masa abu sai mun gama. Alhali wanda ya nuna maka kuskure tun yana kan takarda, a farashi mafi araha ya sayar maka da gaskiya. Haka yake a sharaɗin kasuwanci tsakanin abokai, haka a binciken aure kafin a kai kuɗin gaisuwa, haka a rabon fili tsakanin 'yan'uwa. Tambayar da ake jin nauyin yi da safe ita ce ake yi da yamma a gaban alƙali.

Ƙanina ya buɗe shagonsa. Kwanan baya ya ce zai ƙara ɗakin suyar masa ta baya. Na tambaye shi ko ya kira magini. Ya ce, "A'a Yaya, takarda na can wurinsu. Sai ta dawo."