Idon Da Ke Bayan Mota

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa a Aboabo ko Asawase ka kalli direban tirela yana shigar da motarsa cikin lungu da baya-baya? Motar ta taso daga tashar jirgin ruwa ta Tema da kwantena mai tsawon ƙafa 40, za ta bi ta Tamale da Paga zuwa Burkina Faso, amma sai ta kwana a Zango. Ga bango a hagu, ga teburin mai koko a dama, ga yara suna wasa.

Aikin nan yana da wuya. Idan direba yana so bayan tirela ya yi hagu, sai ya fara karya sitiyari dama. In ya karya da yawa, kan motar da bodin sukan naɗe kamar wuƙar aljihu, ba kuwa magani sai ya ja gaba ya sake. Tun shekara ta 1974 da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, direba yana zaune a hagu, saboda haka gefen dama na bayan motar yakan ɓace masa da zarar ta karkata. A nan ne yaron mota yake sauka yana ɗaga hannu: "Zo, zo, maigida! Tsaya!"

To, ga tambaya. Mutumin da ya yi shekara 20 yana tuƙi, daidai ne ya bi umarnin yaron da bai mallaki lasisi ba? I, daidai ne. Yaron bai fi shi sani ba, amma yana tsaye inda maigida ba ya gani. Girman kai rawanin tsiya ne, in ji Hausawa, a nan kuwa yana iya cin ran ɗan wani.

Amma idan motar ta taka teburin, laifin wa? Kada ka yi saurin cewa na yaron ne. Ƙafar direba ce a kan birki. Direban kirki, da zarar yaron ya ɓace masa a madubi, sai ya tsaya cik, ya sauka ya duba da idonsa. Jin shawara bai sauke maka alhaki ba.

Kai fa? Kai ma kana da gefen da ba ka gani. Wataƙila matarka ta daɗe tana cewa "tsaya" a kan bashin da kake ci, ko ɗanka a kan zafin harshenka, kai kuwa kana ta taka mai don ka raina mai faɗin. Ranar da abin ya rushe, ba za ka iya cewa ba a faɗa maka ba.

Yau ka tambayi wani na ƙasa da kai abin da yake gani a bayanka. Ka saurara har ya gama. In ya kama ka ja gaba ka sake, ka yi. Ba abin kunya ba ne.