Masu Cin Abinci da Hayaƙi

A wani gari akwai kasuwa mai janareta uku, su ke ba teloli da masu firji da masu cajin waya wuta. Ana nan sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Sai ga wani kamfani da tayin sola, a riƙa biya wata-wata. 'Yan kasuwa suka ce a sa hannu yau ɗin nan. Sarkin kasuwa, dattijo ne mai jinkirin magana, ya juya takardar ya ajiye.

"Ku lissafa mini masu cin abinci da hayaƙin nan."

Aka fara: masu janareta, makanikai da yaransu, 'yan bumburutu, da mai tuwon da ke ciyar da su. Lissafi ya yi tsawo.

"Ranar da injin ya yi shiru, ina za su kwana?"

Wani tela ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba matsalarmu ba ce."

"Yau kam ba taku ba ce," in ji dattijo.

Ya ce wa kamfanin ba zai sa hannu ba sai an koya wa yaran nan haɗa faranti da inbata da kula da batir, masu janareta kuma a ba su hannun jari. Kamfani ya ja, dattijo ya ja. Ana cikin haka kasuwar maƙwabta ta kunna tata sola, har da shewa.

Hunturu ya shigo. Ƙura ta lulluɓe farantan maƙwabta, ba mai gogewa. Wuta ta ragu, batura suka galabaita, mai gyara kuwa sai daga birni. Samarin da suka rasa sana'a suka koma zaman gindin bishiya, igiyoyin wuta suka fara yin ƙafa cikin dare.

A nan kuwa, tun da kamfani ya amince aka kafa sola, kowace safiya tsofaffin 'yan bumburutu na kan rufi da tsumma da bokiti.

Rannan sarkin kasuwar maƙwabta ya zo, aka gaisa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, aron yaranka biyu na zo yi."

Dattijo ya yi murmushi. "Aro kuma? Ai injiniyoyi ne yanzu. Je ka ku yi ciniki."