Kofin Rubutu a Bakin Gadon Mai Shanyewar Jiki

A ɗakunan jinya na asibitocinmu akwai umarnin da masu jinya suka fi jin zafinsa: kada a ba mara lafiya komai ta baki. Ga uba kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, leɓɓansa sun bushe. Ga ɗiya riƙe da gorar zamzam, ƙane kuma ya taho da rubutu daga wajen malam. Sai nas ta ce a dakata. Nan take wani zai ce, "Yanzu har ayar Allah za a hana shi sha?"

Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana cikin maƙogwaro. Haɗiya aiki ne na gomman tsokoki da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, har da rufe hanyar iska a daidai lokacin da loma ke wucewa. Shanyewar jiki tana rikita wannan tsari, kuma kusan rabin masu ita sukan samu matsalar haɗiya a kwanakin farko. Abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin kuɓucewa zuwa huhu, ya haifar da nimoniya. Wani ma ruwan zai sarƙe shi ba tare da ko tari ba, iyali na murna ya sha, alhali zazzaɓi na tafe.

Shari'a ta san irin wannan kyakkyawar niyya da ke cutarwa. Abu Dawud ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka ce ba su ga sauƙin taimama gare shi ba. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane ibada suka nufa, kyakkyawar niyya kuwa ba ta wanke su ba.

A nan, masu sani su ne masana gyaran magana da haɗiya. Sukan fara da cokalin ruwa, suna sauraron muryar mara lafiya ko ta koma kamar mai kurkure. Inda akwai na'ura, a ɗauki hoton haɗiyar tana gudana, fasahar da Jeri Logemann ta Amurka ta yi fice wajen bunƙasawa. Daga nan sai atisayen harshe da leɓɓa, zama a miƙe lokacin cin abinci da rabin awa bayansa, wani a koya masa sunkuyar da haɓa, wani a kaurara masa kunu. Wanke baki ma magani ne, domin ƙwayoyin cuta daga nan suke gangarawa. Wanda haɗiya ta gagara sai a sa masa robar hanci, kuma galibi haɗiyar kan dawo cikin makonni a cire ta.

Addu'a da tofi ba sa bukatar haɗiya. Zamzam ana iya shafa masa a fuska, ko a tambayi likita ko za a zuba ta roba. Don haka malamin da ya ba da rubutu ya haɗa da gargaɗi, mai jinya kuma ya ajiye kofin har a gwada haɗiyar.